Wai da gaske ana ƙirga jijiyoyin cikin fata? Kuma shi hoton 3D ɗin fa?

Abban_Hanifa:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina neman karin bayani daga masana lafiya na wannan zaure musamman masu aikin dakin gwaji. Shekaruna sun dan haura 50, na jima ina fama da radadi da zugi a tafin kafafuwana da yatsu, da rana da sauki amma da dare ba a magana, ko zanin gado ne ya taba kafar sai naji zafin har cikin raina, wani lokacin kuma wurin ya sage gaba daya. An min wannan gwajin da ake manna waya a kafa ana dan ja da lantarki a auna gudun sako a jijiya, sakamako ya fito wai komai lafiya lau, karfin kafa lafiya, da aka buga gwiwa da yar gudumar nan ma ta amsa. To shine likitan yace wannan gwajin manyan jijiyoyi kawai yake gani, shi kanana yake zargi, kuma hanyar tabbatarwa itace a yanki yar fata kadan a saman idon sawu a kirga jijiyoyin ji da ke ciki.

Abinda ya daure min kai kenan, ta yaya mutum zai zauna ya kirga jijiya a cikin fata, abinda ido baya gani? Sannan dana ya nuna min wani hoto a waya, fatar mutum ce an dauketa 3D ana jujjuya ta, jijiyoyin sunyi kore shar suna ta rassa ko ina, yace ai yanzu haka ake yi. To tambayata anan, wanda za a min din shine wannan ko daban ne? In daban ne wanne yafi inganci, in dage in nemi na 3D din ko in yarda ayi wanda likita yace? Sannan yankar bata da hadari ga kafar da dama can ba lafiya gareta ba? Allah ya saka da alheri.

Maman_Ilham:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne. Ni aikina kenan a ɗakin gwaji, yanka tsoka da rina ta da dubawa a maikuroskof, to bari in yi maka bayanin wanda likitanka ya ce, shi na 3D ɗin akwai masu aikinsa a zauren nan za su zo.

Likitanka ya yi gaskiya kan gwajin lantarkin. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga fata zuwa laka ba girmansu ɗaya ba. Akwai manya masu kaurin riga ta kitse da ake ce wa mayelin, su ke ɗaukar taɓawa da girgiza, saƙo na gudu a cikinsu mita 35 zuwa 75 a daƙiƙa guda, su ne na'urar nan take ji. Sai ƙanana iri biyu, A-delta masu siririyar riga da kuma C waɗanda ba su da rigar sam, su C ɗin kaurinsu bai wuce maikuromita 1 da rabi ba, kuma ka tuna maikuromita 1000 ne ke yin milimita ɗaya, saƙonsu a hankali yake tafiya bai fi mita 2 a daƙiƙa ba. Su ne masu kai labarin zafi da sanyi da raɗaɗi da ƙaiƙayi, wasu danginsu kuma su ke kula da gumi da buɗewar hanyoyin jini. Ko sun lalace sosai gwajin lantarki zai ce maka lafiya lau, don bai ma san da zamansu ba.

Yankar ba wani abin tashin hankali ba ne. Za a yi maka allurar kashe zafi a wurin, santimita 10 sama da idon sawu ta gefen waje, sai a sa wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki faɗinsa milimita 3 a murza a ɗago 'yar fatar, shi kenan. Yawanci ko ɗinki ba a yi filasta ce kawai, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya warke ya bar ɗan tabo. Wasu likitocin na ƙara ɗaukar wata a cinya don a kwatanta, saboda in ciwon irin mai farawa daga ƙarshen dogayen jijiyoyi ne za ka ga ƙasa ta yi ƙaranci amma cinya da sauranta. Haɗarin bai wuce jini kaɗan ko ƙwayar cuta ta shiga wurin ba kuma ba kasafai ba, amma in kana shan maganin tsinka jini ko kana da matsalar rauni ya daɗe bai warke ba, ka faɗa masa tun kafin.

Daga nan sai ta zo hannunmu. Ba a jefa ta cikin fomalin ɗin da aka saba jefa sauran samfura, akwai ruwan da ake ce wa Zamboni ko PLP a ciki take kwana cikin sanyi, don fomalin in ta daɗe a jikin fatar tana ɓata wurin da rinin zai kama sai ka ƙirga ƙasa da abin da ke akwai. Sai a daskarar da ita a yayyanka a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kowane yanki kaurin maikuromita 50. Wannan kauri ne sosai in ka dubi yankan da muke yi kullum na maikuromita 4 ko 5, kuma da gangan ne, jijiya ba miƙe take tafiya ba, a siririn yanki ɗigo-ɗigo kawai za ka gani. Sai a rina da antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki mai manne wa abu guda tak, wanda ke kama wani furotin da ke cikin jijiyoyi, sunansa PGP 9.5.

In ka leƙa ta mai lafiya wallahi abin gwanin ban sha'awa. Akwai layin da ya raba fatar sama wato efidamis da ta ƙasa wato damis, a ƙarƙashin layin damin jijiyoyi ne a kwance, daga jikinsu sai ka ga zare-zare sirara sun miƙe sun huda layin sun kutsa tsakanin ƙwayoyin fata, jikinsu da 'yan ƙulle-ƙulle, wasu har kusa da busasshen ɓawon waje. Hannunka ɗaya na kan marikin saita gani kana murzawa sama da ƙasa a hankali kana bin zare guda, don zai ɓace maka a wannan zurfin ya sake ɓullowa a wancan. Ƙa'idar ita ce wanda ya tsallaka layin kaɗai ake ƙirgawa, in ya shiga sama ya rabu gida uku ɗaya ne dai, guntun da ke yawo a sama ba a ga inda ya huda ba kuma ba a sa shi a lissafi. A ƙirga aƙalla yanka 3, a auna tsawon fatar, a raba, sai a ce zare kaza a kowace milimita. A ta mai ciwon da ya yi nisa kuwa sai ka bi milimita guda cur ba ka ga ko ɗaya ba, ko ka ga 'yan waɗanda suka rage sun kukkumbura.

Kuma lambar ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an ɗora ta a kan shekaru da jinsi. A 2010 an fitar da jadawali daga masu lafiya 550 da ɗakunan gwaji 8 na Turai da Amurka da Asiya suka tattara, ya nuna mata sun fi maza yawan zaren kuma yana raguwa da tsufa. Namiji ɗan shekara 20 zuwa 29 in ya gaza 6.1 a milimita an ce ya yi ƙasa, amma mai 50 zuwa 59 iyakarsa 3.5 ce. Ka ga lambar da za ta tayar da hankali a jikin saurayi, a jikinka tana iya zama daidai.

Dalibin_Lesa:

Baba sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Anti ta gama magana kan na asibiti, ni kuma karatuna a kan ɗaukar hoton tsoka da lesa ne, hoton da ɗanka ya nuna maka irin aikinmu ne, bari in ɗora daga inda ta tsaya.

Ka lissafa da kanka Baba, fatar milimita 3 ce wato maikuromita 3000, in ana yanka ta 50-50 a lissafi yanka 60 kenan, 3 daga ciki ake ƙirgawa, kashi 5 cikin 100 na 'yar fatar da ita kanta faɗinta duka wajen murabba'in milimita 7 ne kacal. Kuma jijiyoyin nan ba a jere suke daidai wa daida ba, wani wurin cunkus wani wurin fayau, to yankan da hannu ya faɗa kai yana iya ɗaga lambar ko ya sauke ta. Amma abin da ya fi damuna ma shi ne ƙirgen nan wurin hudawa kawai yake gani. Mutum biyu kowanne zai iya samun zare 5 a milimita, na ɗaya kowane zare ya hau sama ya yi rassa ya mamaye wuri, na ɗayan kuma da ƙyar suka huda layin suka tsaya guntu-guntu, a takarda lambarsu ɗaya amma a jiki ba ɗaya suke ba. Wannan giɓin ne 3D ke son cikewa.

Kuma ba sabon abu ba ne yadda ake zato. Tun 1868 Paul Langerhans yana ɗalibin likitanci a Balin ya ga zaren jijiya a fatar sama da rinin ruwan zinare, amma an shafe sama da shekara 100 ba a iya ganinsu da kyau ballantana a ƙirga, sai da aka samu antibodin PGP 9.5. Kuma cikin waɗanda suka fara nuna yawansu a fatar mutum akwai William Kennedy da abokan aikinsa na jami'ar Minesota a 1993, da maikuroskof ɗin konfokal suka yi, wanda dama can hoto mai zurfi yake bayarwa. Shi konfokal Marvin Minsky ne ya nemi rajistar ƙirƙirarsa tun 1957. Yadda yake aiki, lesa na haska ɗigo ɗaya a cikin tsokar, akwai wani ɗan ƙanƙanin rami a gaban mai karɓar hasken yana tare duk hasken da bai fito daga daidai wannan zurfin ba, sai ka samu hoto tsaf na zurfi guda, a sauka maikuromita 1 ko 2 a sake ɗauka, a haka a haka har a tara hotuna masu yawa kwamfuta ta ɗora su kan juna su zama dunƙule mai tsawo da faɗi da zurfi. Koren da ka gani ba launin jijiya ba ne, rini ne mai ƙyalli da aka maƙala wa antibodin.

Matsalar ita ce fata ba ta barin haske ya ratsa ta, da ka wuce maikuromita kamar 100 hoton ya fara dushewa. Dalili kuwa ruwa da kitse da furotin ne a cakuɗe kuma kowanne da yadda yake lanƙwasa haske, ma'aunin ruwa 1.33 ne na furotin ya haura 1.5, duk inda haske ya fita daga wannan ya shiga wancan sai ya karkace, ga damis cike da igiyoyin kolajin, kafin ya yi nisa ya tarwatse. Ka san yadda takarda take in mai ya zuba mata, sai ta koma kana hango rubutun da ke bayanta, saboda man ya cike gurbin iskar da ke tsakanin zaren takardar. To dabarar kenan, a zare ruwan da kitsen a maye gurbinsu da sinadari mai lanƙwasa haske daidai da furotin, sai 'yar fatar ta koma garai-garai har in ka sa ta a kwalba sai ka ƙura ido kafin ka gan ta. Werner Spalteholz na Jamus ya yi wannan tun wajen 1914, sai a 'yan shekarun nan aka farfaɗo da abin da sababbin hanyoyi, 3DISCO a 2012, CLARITY daga Stanford a 2013, CUBIC daga Japan da iDISCO daga Amurka duk a 2014, yawancinsu don ƙwaƙwalwar ɓera aka fara yinsu daga baya aka gwada su a fata. In ta yi garai-garai ba sai an yanka ta ba, a ɗora ta ɗungurungum a konfokal ko a wani maikuroskof da ke turo haske ta gefe a shimfiɗe, siriri, kamara na kallo ta wata fuskar, wanda masu bincike a Haidelbag ta Jamus suka fito da nasu samfurin a 2004, shi ya fi sauri nesa ba kusa ba don faifai guda yake ɗauka gaba ɗaya ba ɗigo-ɗigo ba.

Awon kuma a kwamfuta ake yi. Da manhaja irin su Fiji wadda kyauta ce ko Imaris ta kuɗi, ana bin kowane zare a zana masa ƙashin baya, daga nan za ka samu jimillar tsawon jijiya a cikin wani adadin girman fata, yawan wuraren da ta rabu, kaurinta, yadda take murɗewa, nisan da ta hau cikin efidamis, har kumburin da Anti ta ambata ana iya ƙirga shi. Inda abin ya fi amfani ma a ganina shi ne tushen gumi, don shi bututu ne a nannaɗe can ƙasan damis jijiyoyi sun zagaye shi ta ko'ina, babu wani layi da za ka ce a ƙirga masu tsallaka shi. Akwai kuma misalin ƙaiƙayi, an daɗe ana rubuta cewa masu cutar fata ta eczema jijiyoyinsu yawa suke ƙarawa shi ya sa suke susa, sai ga wani bincike daga Singafo a 2019 da ya wanke fatar ya duba ta 3D a masu eczema da masu wata cutar fatar da ake ce wa soriyasis ya tarar jijiyoyin efidamis ɗin raguwa suka yi. Irin fatar nan kauri take yi ta yi tudu da kwari, to abin da ka raba lambarka da shi, tsawon layi ne ko girman tsokar duka, yana iya juya maka amsar.

Amma fa yana da nasa ciwon kai kar ka ga hoton ya yi kyau. Antibodi ƙato ne a duniyar ƙwayoyin sinadari, shigarsa cikin dunƙulen fata na ɗaukar kwanaki wani lokacin makonni, in bai kai tsakiya ba sai wurin ya fito wayam ka zaci babu jijiya alhali rinin ne bai isa ba. Wasu sinadaran suna ƙanƙance tsokar wasu kumbura ta suke yi, akwai wata hanya uDISCO da ke rage girman har kashi 65 cikin 100, ka ga tsawon da ka auna ba na jikin mutum ba ne sai an gyara lissafi. Maikuroskof ɗin kansa ya fi gani tsaf ta faɗi a kan ta zurfi, zare biyu da ke kan juna sai su manne su zama ɗaya. Sannan mutum ne ke gaya wa kwamfuta daga wane haske za ta ce wannan jijiya ce, ka ɗan matsa wannan ma'aunin sakamakon ya canza.

Abban_Hanifa:

Masha Allah, Hajiya da kai dana nagode kwarai Allah ya kara basira, yanzu na gane daban ne. Amma har yanzu ina nan tsakiya, in dai kashi 5 kawai ake dubawa a wancan ai gara wanda ke ganin duka ko? Sannan wani abu ya fado min a rai da kace ana mayar da fata garai garai, to mu masu bakar fata fa, bakin shima fita yake ko yana hana gani? Kuma Hajiya naga kasashen da kika lissafa na jadawalin nan ban ga Afirka a ciki ba, to lambar zata yi daidai da jikinmu kuwa?

Dr_Jijiya:

Malam sannu, Allah ya ba da lafiya. Ni masu irin ciwonka nake gani, kuma shawarata kai tsaye ita ce ka yi wanda likitanka ya ce, kar ka tsaya jiran 3D.

Duk abin da ɗalibinmu ya faɗa kan naƙasun ƙirgen gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba. Amma gwaji a asibiti ba kyan hoto ne ke ba shi daraja ba, abin da za a kwatanta shi da shi ne. In aka ce min kana da zare 2 a milimita na san inda zan duba in ce wannan ya gaza na sa'anninka, saboda ƙungiyar likitocin jijiya ta Turai ta fitar da ƙa'idar yadda ake yi tun 2005 aka sabunta ta a 2010, wuri ɗaya ake yanka, kauri ɗaya, dokar ƙirge ɗaya. In kuma aka ce min jimillar tsawon jijiyarka kaza ce a 3D, babu wani jadawalin da duniya ta yarda da shi da zan ɗora ta a kai, kowane ɗakin bincike da sinadarinsa da manhajarsa. Hatta tsakanin hanyoyin ƙirgen guda biyu na yanzu, mai rinin gani da farin haske da mai rinin ƙyalli, lambobin ba ɗaya ba ne, mai ƙyallin ya fi nuna yawa, sai da aka yi masa nasa jadawalin daban a 2016. To ina ga sabuwar hanya gaba ɗaya. Ni ina sa ran za ta iso asibiti kuma ina maraba da ita, musamman don gano ciwon tun yana farko lokacin da rassan suka fara zubewa amma masu hudawar ba su ragu ba, sai dai a yau kayan bincike ce.

Sannan ka riƙe abu biyu kafin sakamakon ya fito. Yawan zaren ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsananin zafi, akwai mai lamba ƙasa sosai da ba ya jin komai sai sagewa, akwai kuma mai lamba daidai da ke kwana bai runtsa ba, don jijiya na iya kasancewa a wurin amma tana harba saƙon ciwo ba dalili, misali a masu canjin gado a wata ƙofar sodiyam da ke jikin jijiya tana tayar da saƙo, wadda ake ce wa Nav1.7. Kenan in ya fito daidai ba yana nufin ƙarya kake ba. Akwai gwajin jin ɗumi da sanyi, akwai na gumi, akwai ma wanda ake leƙa jijiyoyin gilashin gaban ido da konfokal ba tare da an yanki komai ba.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, yankar fatar tana cewa jijiyoyi sun ragu ne kawai ba ta faɗin me ya rage su. Wanda ya fi kowa laifi ciwon suga ne, har da wanda bai kai a kira shi suga ba tukuna, shi ya sa gwajin jini na HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na 'yan watanni, shi kaɗai ba ya isa wani lokacin sai an ba ka gulukos giram 75 ka sha a auna bayan awa 2. A duba bitamin B12 musamman in kana shan maganin suga na metformin, a duba tayirod da ke gaban wuya, HIV, ciwon hanta na C, a tambayi batun giya da magunguna irin su isoniyazid na tarin fuka da na kansa, in akwai tabon da ya sage a jiki a tuna da kuturta. A kusan rabin mutane duk da haka ba a gano dalili, amma in an gano akwai abin yi, don zaren nan na sake tsirowa. Wani bincike a jami'ar Yuta a 2006 ya bi masu matakin share fagen suga shekara guda suna gyara ci da motsa jiki, da aka sake yankar yawan zaren ya ƙaru.

Dalibin_Lesa:

Na yarda da Dakta kan batun jadawali, ba ni da ja. Baba tambayarka ta baƙar fata kuwa ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Sinadaran wankewar suna gyara tarwatsewar haske ne, shi kuwa melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, haɗiye hasken yake yi, matsala ce daban, za ka wanke fatar tsaf damis ya yi garai-garai amma saman na nan da duhunsa. Kuma melanin ɗin ya fi taruwa ne a ƙasan efidamis, daidai kan layin da jijiyoyin ke hudawa, wato wurin da aka fi son gani shi ya fi duhu. Abin da ake yi shi ne a jiƙa ta a haidurojin feroksaid ta kwana ya kore launin, ko a haska ta ta gefen damis, ko a yi amfani da rinin da ke ƙyalli da jan haske mai nisa don melanin bai cika shan sa ba. Sai dai feroksaid ɗin in ya yi yawa yana iya ɓata wurin da antibodi zai kama, ga duhu ya tafi ga jijiyar ma ta dushe. Hanyar da ba a gwada ta a fata mai duhu ba, ni dai ba zan yarda da lambarta a jikin mai duhu ba.

Maman_Ilham:

Malam ka lura da kyau, babu ɗakin gwaji daga Afirka a cikin 8 ɗin nan, kuma aiki ne da ya kamata a ce masu bincikenmu sun yi, a tara masu lafiya maza da mata na kowane rukunin shekaru a fitar da namu lambobin. Kafin nan da wancan jadawalin ake aiki, in lambarka ta faɗi can ƙasa ba wata tantama, in kuma ta tsaya a bakin iyaka to likita sai ya haɗa da abin da kake ji da sauran gwaje-gwajen.

Batun melanin kuma mu ma yana damunmu a ƙirgen yau da kullum ba sai a 3D ba. In rinin mai ruwan ƙasa ne to launinsa da na melanin kusan ɗaya ne, kuma ƙwayoyin da ke yin melanin ɗin su ma suna da 'yan hannuwa sirara da ke miƙewa tsakanin ƙwayoyin fata, wanda idonsa bai saba ba sai ya ƙirga su a matsayin jijiya lambar ta hau, ko kuma duhun ya rufe masa zaren gaske lambar ta sauka. Shi ya sa kafin rini muke sa yankan a ruwan fotasiyam famanganet sannan a wanke da oksalik asid ya cire launin, kuma a zaɓi rini mai shuɗi-shuɗi da ba zai saje ba. In za ka je ka ce wa likitan ya tambayar maka ɗakin gwajin da za a tura abu uku, a wane ruwa za a sa samfurin, suna cire melanin kafin rini, kuma wane jadawali suke ɗora lambar a kai, na farin haske ko na ƙyalli. In sakamakon ya fito ka tabbatar an rubuta lambar kanta da iyakar shekarunka a gefenta, ba kawai a ce daidai ne ko ba daidai ba, don in za a sake yi nan gaba da ita za a kwatanta.